Ƙoƙon Inci Takwas

Alhamis, 3 ga Agusta

Kifayen salmon sun fara hawowa kogi. Na leƙa daga kan gada da safe, ruwan ya yi baƙi da bayansu. Bana sai na ɗauki hoton nan ko ta halin ƙaƙa: rabi a ruwa rabi a waje, kifi a ƙasa, gada da itatuwa a sama, duk a ɗauka guda.

Bara ma haka na ce. Sai ƙoƙon da ke gaban akwatin da ke kare kyamara daga ruwa ya bugi dutse, ya murɗe, ruwa ya shiga. Kyamarar da mijina Ray ya bar mini. Na ɗago ta tana tsiyaya kamar buta.

Asabar, 5 ga Agusta

Shagon Kimiko, mai sayar da kayan hoton ruwa. Ta jera mini ƙoƙo uku a kan tawul. Ƙaramin, mai inci huɗu, ta ce in manta da shi, layin ruwa ba ya tsayawa a kansa, igiyar ruwa kaɗan ta shafe rabin hoton. Saura manya biyu masu inci takwas, na gilashi da na roba. Na gilashin ya fi kyau, ruwa na zamewa a kansa. Na ɗaga shi, wuyan hannuna ya amsa. Kimiko ta gani, ta yi kamar tana neman wani abu a aljihun tebur. Ta ce na roba ba nauyi, in ya karce ana goge shi ya koma.

Na ɗauki na roba. Ina fita sai ga Desmond, shugaban ƙungiyarmu ta masu hoton ruwa. Ya ƙwanƙwasa shi da farce ya ce, "Marlene, kwanon salak kika saya? Ki zo mana da shi walimar ƙarshen shekara."

Za mu gani.

Laraba, 9 ga Agusta

Na goge zoben roba mai hana ruwa shiga, na shafa masa mai, na duba ko gashi ɗaya babu. Na ɗora ƙoƙon. Murɗawar ƙarshe, wadda zai ce ƙas, ta gagara. Yatsuna sun ƙi. Sanyin ƙashin nan ya fi na bara.

To ashe bara ma ban kulle shi sosai ba ke nan. Shekara guda ina zagin dutse.

Alhamis, 10 ga Agusta

Kimiko ta ce in kai wa yayana Lyle, shekara talatin yana sassaƙa ƙarfe. Na ce mata tunda ya sayar da jirgin ruwan Baba bai gaya mini ba, gaisuwa kawai ke haɗa mu, yau shekara tara. Ta ce ai ƙoƙo bai san wannan ba.

Asabar, 12 ga Agusta

Na je. Yana gareji, rediyo a kunne. Ya yi furfura fiye da yadda na zata. Na ajiye akwatin a teburinsa na ce aiki na kawo, ba hira ba. Ya juya shi, ya murɗa da yatsa biyu, ƙas. Haushi ya kama ni.

Ya kalli hannuna ya ce, "Irin na Mama ne, Auta."

Ba wanda ya kira ni Auta tun rasuwarta. Na ce ya dai auna abinsa.

Talata, 15 ga Agusta

Ya kawo da kansa. Maƙala ta alminiyam mai zagaye gindin ƙoƙon, da dogon mariƙi wanda zan danna da tafin hannu, ba ruwana da yatsu. In ta kama, ƙoƙon ba ya motsi ko kaɗan. Na zuƙe iskar akwatin da famfo, koriyar fitila ta kama, alamar babu kafar da ruwa zai shiga. Muka nutsa shi a bahon wanka babu kyamara a ciki, sai farar takarda. Awa guda. Muna zaune a ɗakin girki, ya cinye mini rabin kek ɗin tuffa, zancenmu bai wuce rufin gidansa da ke yoyo ba.

Takarda ta fito a bushe ƙayau. Na ɗaga ta sama kamar tuta.

Asabar, 19 ga Agusta

Yau ce. Bari in rubuta tun hannuna na iyawa.

Lyle ya ce zai biyo ni don ya ga aikinsa. Ya zo da igiya, wai zai ɗaura mini a ƙugu. Na ce ni ba akuya ba ce. Ya ce akuya ta fi ni jin magana. Na bari ya ɗaura don a zauna lafiya.

Ruwa da sanyi har cikin haƙori. Na tofa miyau a ƙoƙon na shafe don kada ɗigo ya tsaya, Lyle ya ce ashe wannan ce sana'ar da nake taƙama da ita. Na tsaya a inda ruwa ke kai ƙirji, rabin ƙoƙo a ciki rabi a waje, na jira. Sai kifayen suka zo. Ɗaruruwa, kafaɗa da kafaɗa, wasu baki a karkace, wasu jiki duk tabo, ba wanda ya kula ni. Ina dannawa ina dannawa.

Sai dutsen da na taka ya mirgina. Ruwa ya ɗebe ni, na ji akwatin ya daki dutse, irin ƙarar bara sak. Igiya ta ja ni a ƙugu har numfashina ya ɗauke. Da na samu ƙafa, kafin in duba jikina fitilar na duba.

Koriya.

Ƙoƙon ya samu karce kamar tsawon yatsa, amma ko gashi bai murɗa ba. Na ɗaga akwatin sama ina dariya ruwa na shiga mini baki. Lyle bai yi dariya ba. Igiyar ta saɓule masa fatar tafin hannu. A mota na ɗaure masa, ya ce maƙalarsa ko babbar mota ta taka sai dai motar ta ji jiki.

Lahadi, 20 ga Agusta

Hoto ɗari uku da wani abu. Guda ɗaya ne. Kifi a ƙasa tar, har idonsu ana gani. A sama babu gada, don ruwa ya riga ya juya ni. Lyle ne a bakin gaɓa, ya turje da dugadugai, igiya a naɗe a hannu biyu, baki a buɗe.

Ban taɓa ganin wannan fuskar tasa ba. Na daɗe ina kallo.

Alhamis, 14 ga Satumba

Gasar ƙungiya. Na ɗaya! Cikin hotuna arba'in da biyu. Na Desmond, da ƙoƙonsa na gilashi daga Jamus, ya zo na huɗu. Ya zo taya ni murna da bakinsa a tsuke, ya ce da na yanke tsohon nan daga sama da hoton ya fi tsabta. Na ce masa tsohon nan ne ya riƙe mai hoton.

Mutum uku sun tambayi inda na samu maƙala. Na ba su lambar Lyle. Kimiko na son biyar a shago. Zai yi ta kumbura kai yanzu.

Talata, 10 ga Oktoba

Kifi sun gama, kogi ya yi shiru. Na goge karcen ƙoƙo, na ajiye kaya sai baɗi.

Lyle ya sake zuwa, wai maƙala na bukatar dubawa kada ta yi tsatsa. Talata ta huɗu ke nan. Alminiyam ba ya tsatsa, shi ya gaya mini da bakinsa. Na ciro akwatin daga kabad na ba shi, ya danna mariƙi sau biyu ya ce da sauran gyara, sai ya dawo.

Maganar jirgi ba mu yi ba. Ban ce na huce ba.

Na dai sayo irin kofin da yake sha, mai ɗacin nan. Yana da araha ne kawai.