Bakin Mutanen Arkansas

Hollywood, Maris 1929

Yaya Leota,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da yara. Ni kam abinci ba ya shiga. Kamfaninmu ya daina fim marar magana. Ran Litinin za a tsayar da ni gaban na'ura a ji muryata. Shekara da shekaru mata na haukacewa a kan Roland Vane, sunan da aka laƙaba mini, amma ba wadda ta taɓa jin bakinsa. Ina buɗe shi, ɗan ƙauyen Arkansas zai fito. An riga an sallami abokaina biyu. Kada ki gaya wa Mama.

Ƙaninki,
Orville

Arkansas, Maris 1929

Auta,

Muna lafiya, yara na gaishe ka. Mama ce ta buɗe wasiƙar, sai haƙuri. Ta ce in tambaye ka, yaushe bakin ubanka ya zama abin kunya? Da shi ya nemi aurenta, kuma ta amsa. In sun kore ka, ɗakinka na nan, sai dai kaji ne a ciki yanzu. Ka ci abinci, mai gashin baki.

Yayarka,
Leota

Hollywood, Afrilu 1929

Yaya Leota,

Bayan gaisuwa, an yi abin. Aka haɗa ni da wata yarinya sa'ar 'yarki, na durƙusa na ce, "Ina ƙaunarki har abada." Mai ɗaukar murya ya kifa kai yana dariya, yarinyar ma ta kasa riƙewa. Na ɗauki hulata zan fita, sai darakta ya tare ƙofa.

"Malam, ina za ka? Sake faɗa."

Na sake. Ya share hawayen dariya ya ce, "Roland Vane ya mutu yau. Ka iya tuƙa keken doki?"

Yanzu ni ne tsohon direba mai surutu a fim ɗin kaboyi, kuma sun ba ni wasu fina-finai uku bayansa. Na daina rina gashi, na jefar da ɗamarar da nake matse tumbi da ita. Yaya, rabon da in yi numfashi haka har na manta. A gaida Mama.

Orville

Arkansas, Oktoba 1929

Auta,

Muna gaisuwa. Fim ɗinka ya iso garinmu, mun kai Mama. Kana fara magana ta damƙe hannuna, ba ta sake shi ba har aka tashi. A hanya ta ce, "Yau na ji ɗana." Gobe za mu koma.

Ka huta lafiya.
Leota