Ɓawon Gyaɗar Bappa

Rano,
4 ga Fabrairu.

Zuwa ga Yaya Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da dukan mutanen Fassi. Yaya ƙafar Iya?

Yaya, duk saƙonnin da na yi ta turo miki cewa komai lafiya, ƙarya na yi. Wata biyu ke nan a kwalejin nan ban yi ƙawa ko ɗaya ba. Tun ranar da na zo na ƙudurta ba zan gaya wa kowa sanƙarau ya tafi da jina ba, don na gaji da kallon tausayi. A aji ina zama gaba in bi leɓen malami da ido, a tashi in fice. Mu huɗu ne a ɗaki, amma da na shigo sai kowa ta juya baya. Halimatu Sa'adiya, wadda gadonta ke kusa da nawa, da farko har kunu take miƙo min, yanzu ko kallo ban ishe ta ba. Na rasa laifin da na yi.

Abinci ba ya shiga, karatu ba ya zama, haka kawai sai hawaye. Ki roƙi Bappa ya zo ya ɗauke ni ranar Asabar. Na haƙura da karatun.

Ƙanwarki,
Afra'u.

Rano,
12 ga Fabrairu.

Yayata ta kaina,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kun wuni lafiya. Na san kun ga Bappa ya dawo shi kaɗai a babur, kuma na san halinsa, ba zai ba ku labarin yadda aka kusa yi masa taron dangi ba.

Ina zaune ƙarƙashin darbejiya da akwatina, na ba ƙofa baya, ya iso. Kin san yadda ake kirana a gida. Ya ɓare gyaɗa ya wurgo min ɓawon a kafaɗa. Na juyo da murna na durƙusa na gaishe shi. Kafin in miƙe, 'yan ɗakinmu sun yi masa zobe, Halimatu a gaba, wai a kan me tsoho da furfurarsa zai riƙa jifan ɗalibai. Bappa ya ce to ta yaya zai kira wadda ba ta ji?

Nan gaskiya ta fito. Ashe, Yaya, duk safiya suna yi min sallama ta bayana, ina ninke kaya ko ina karatu, ban taɓa amsawa ba. Halimatu ta ce har sau uku take maimaitawa. Suka yanke cewa girman kai ne, suka ɗauki gaba da ni. Ni ina can ina kukan an tsane ni, su suna nan suna cewa 'yar Fassi ta fi ƙarfin amsa sallama!

Halimatu ta riƙe hannuna tana kuka, ta dube ni sosai don in ga bakinta, ta ce, "Ki yafe mana." Ni ma na ce su yafe min ɓoyon da na yi. Ita ta ɗauke akwatin ta mayar ɗaki, ba ta ma tambaye ni ba.

Ranar Litinin ta raka ni wurin malamar da ke ba ɗalibai shawara, na amayar da duk abin da ke cikina. Ba zan ce nauyin ya tafi duka ba, wani lokacin yana dawowa, amma jiya na cinye tuwona har na sa hannu a na Halimatu.

Matsala ɗaya ce. Yanzu duk wadda za ta gaishe ni sai ta jefe ni, har 'yan wasu ɗakunan, kuma gyaɗar da Bappa ya bari ta ƙare. Ki ce wa Iya ta aiko da kwano biyu, kada a ɓare. Gyaɗar tasu ce, ɓawon nawa.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Afra'u.