Ɗakin Laminu Bai Samu Yaɓe Ba Bana

Assalamu alaiki, Inna. Bayan gaisuwa da addu'a, ni ce Rabi, daga gidanmu na Korgom.

Autanki Laminu ya ƙare dogon karatun nan nashi a Faransa. Da ya kira ni ta salula, na yi mishi tambayar da kika rasu ba ki samu amsarta ba, wai shi takamaimai me yake karantawa.

Ya ce wani irin dutse ne da ake ɓarewa falle-falle, ya fi ɓawon albasa rashin kauri. Ƙwayoyin kuran, wato lantarki, da ke cikinshi a baje suke ko'ina daidai. In aka sanyaya shi ƙwarai sai su taru layi-layi, nan da yawa, nan kaɗan, kamar kunyoyin gona, har dutsen kanshi ya ɗan tattare ya bi su. Na sa ya maimaita, don kar in kawo miki abin da bai faɗa ba.

Kin tuna yadda kike ce ma mata a bakin rijiya, "Ɗana kuran yake karantawa, in ya dawo mun rabu da fitila." Shi kuwa in labarin ya kai mishi sai ya yi murmushi, bai taɓa gyara miki ba.

Inna, ba zai dawo da zama ba. Ya ce sanyin da aikin ke so, firigon masu ƙanƙarar Tasawa bai kama ƙafarshi ba. Injin da ke ba da wannan sanyin yana can Faransa, kuma masu injin sun riƙe Laminu aiki. Muryarshi ta yi ƙasa da zai faɗa, ni ma ban matsa mishi ba.

Saura ɗakin da kika sa aka gina mishi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka kina tsaye kan magini har sai ya yaɓe shi, ko akuya ba ki bari ta raɓi bangon. Bana magini ya zo, na ce ya dakata in yi shawara, alhali wadda zan yi shawarar da ita babu. Bangon gabas ya tsage, hadari kuma ya fara haɗowa.

Jiya na aika ma magini ya bari. Na kwashe gadon da tabarmar da ke ciki na kai ɗakina. In Laminu ya zo ganin gida, nan zai kwana kamar baƙo.

Ki yi haƙuri, Innata. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yi ma autanki albarka a inda Ya ajiye shi.

Ɗiyarki,
Rabi