Na Raba 'Yata da Tantinta Saboda Kishi

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma na gama zagin kaina.

Ni uwa ce, muna zaune a wani gari kusa da Bande. 'Yata ta fari shekararta goma sha biyar, tana kolej. Ina da ƙanwa ungozoma a likitar garinmu, yara na kiranta Tanti. Tun da yarinyar nan ta fara girma, komai Tanti. Ranar da ta fara ganin al'ada, Tanti ta riga ni sani. Ita ta koya mata kada ta hau mashin ɗin wanda ba ta sani ba, kada ta karɓi kyautar namiji a ɓoye, in wani ya taɓa ta ta yi ihu ta zo ta faɗa. In na shigo suna dariya sai su yi tsit. Ni da na yi naƙudarta? Don ban yi lekol, wato boko, ba shi ke nan ban san komai ba?

Wata rana muna sussukar gero na ce mata, "Ke dai yi ta kai wa Tanti sirrinki, mata na can suna maimaita shi a bakin rijiya." Wallahi ƙarya na yi. Yarinyar ta daina zuwa gidan Tanti. Raina ya yi fari, na zaci yanzu ni za ta riƙa gaya wa. Ashe ba ta gaya wa kowa.

Makon jiya na tsinci wayar salula a jakarta. Da ƙyar ta faɗa. Wani magidanci ne mai kabu-kabu, wato haya da mashin, ya daɗe yana kai ta kolej kyauta, ya ba ta wayar, yanzu ya matsa sai ta same shi a ɗakin abokinsa, in ta ƙi zai ce wa babanta ita ke bin sa. Ta rantse ba ta je ba. Na ce, "Me ya hana ki faɗa?" Tana kuka ta ce, "Inna, ke duka za ki yi, Tanti kuma kin ce tana tona asiri."

Babanta bai sani ba tukuna. Na san ƙanwata ce ta iya irin wannan magana, kuma sanin hakan ma ci mini rai yake. In na faɗi gaskiya, 'yata za ta gane uwarta maƙaryaciya ce, ta koma wa Tanti gaba ɗaya. In na yi shiru, mutumin nan kullum yana bakin kolej da mashin ɗinsa. Me zan yi?