Ba Mai Gyaran Waya Ba Ne

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya ƙara buɗi. Mu nan ƙalau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, Mama kuma tana nan tana lallaɓa tsohon keken ɗinkinta.

Yaya, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba mai gyaran waya ne ya kwashe kuɗin kirifton nan, kuɗin intanet da kake tara wa Mama a asusu na sabon keke ba. Ni ce sila. Ka tuna takardar da ka rubuta kalmomin sirri goma sha biyu ka ba ni ajiya, ka ce duk wanda ya gan su asusun ya zama nasa, ko hotonsu kada in ɗauka? Na ɓoye ta cikin littafin soyayyar nan da kake min tsiya a kai, har ta zama alamar inda na tsaya. Ranar da na kai shafin da saurayin ya dawo bayan shekara bakwai, daɗi ya kwashe ni, na ɗauki hoton shafin na tura guruf ɗinmu na masu karatu, mu fiye da ɗari uku. Takardar tana gefe, a buɗe. Wata ma ta ce rubutun hannun nan ya yi kyau, ni kuwa har da godiya. Washegari asusun wayam.

Da yake a makon ne aka canja min gilashin wayar da nake duba asusun da ita, kowa ya ce mai gyara ne. Baba ya je shagonsa ya kira shi ɓarawo a gaban mutane, bawan Allah yana ta rantsuwa. Ina tsaye a bayan Baba, na bar shi ya ɗauki laifina. Yanzu bencinsa ba kowa, amma duk na wuce sai ya tambaye ni ko gilashin bai ba ni matsala ba. Da-na-sani ƙeya ce, Yaya.

Don Allah kada ka sake tura komai cikin asusun nan, ka buɗe sabo. Ka yafe min, ka kuma kira Baba, don muryarka ta fi tawa isa wurinsa. Ni zan je shagon da ƙafata.

Ka gaishe da Anti da Gwaggo, ka shafa min kan takwarata.

Sau uku ina rubutawa ina yagawa. Ga Kawu direba can yana tayar da mota zai taho wajenku. Wannan takardar dai ba za ta kwana cikin littafi ba, bari in miƙa masa.

Ƙanwarka,
Auta