Dalilin da Na Sa Miki Kiyara

Maijirgi, 9 ga Maris, 2025

Zuwa ga ɗiyata Zara'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau. Innarki Shamsiyya na gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Takardarki ta iso. Kin ce abokan karatunki a lakwal ɗin ungozoma suna miki dariya saboda Kiyara da ke cikin sunanki, har kina so ki je jistis, wato kotu, a cire shi daga takardar haihuwa. Ba zan hana ki ba, kin girma. Amma ki ji inda ya fito tukuna, don abin da muka sha gaya miki rabi ne kawai.

Kin san shekarar yunwa kika kwanta kina wata takwas, aka kai ki rumfunan jinyar yara a Tasawa, inda wata baturiyar Italiya mai suna Kiyara ta kula da ke. Abin da ba ki sani ba shi ne, kwana biyar da kwanciyarki na je na ɗauko ki da ƙarfi. Damina ta kankama, gona ba kowa, ni kuma na riga na fid da rai. Na ga gara ki cika a ɗakin uwarki. Innarki tana kuka, ban saurare ta ba.

Washegari da hantsi sai ga matar nan a ƙofar gidanmu bisa amalanken jaki, don motarsu ta kafe a laka. Na faɗa mata maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ba ta rama ba. Ta zauna a gindin itacen bedi, ta sa tafintanta Cha'ibu ya gaya mini ba ta tashi sai da ke. Ta zauna har la'asar, ko ruwa ban ba ta ba. Daga ƙarshe ni na gaji, na miƙa ki.

Kin yi sati shida a hannunta. Ranar da na koma Tasawa don in yi godiya, sai aka ce ta koma ƙasarsu. Shi ya sa da aka zo yi miki takardar haihuwa a meri, ofishin magajin gari, na ce a rubuta Zara'u Kiyara. Ban san ma'anarsa ba, ban kuma tambayi kowa ba, kuma ban taɓa nadama ba.

Ki yi shawara da zuciyarki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Alkasim Dodo

Maijirgi, 2 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga ɗiyata Zara'u Kiyara,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan zafin Maraɗi bai takura miki ba. Kowa lafiya.

Amsarki ta faranta mini rai, sau uku na karanta wa innarki. Na gode da ba ki riƙe ni a zuci ba, na kuma gode da kika ce sunan ya zauna.

Ashe, kamar yadda kika rubuto, ma'anarsa mai haske, wadda ba duhu a tare da ita, kuma daga tsohon harshen Rumawa ya samo asali. Na kai wa Malam Rabo wannan bayani bayan sallar Juma'a. Ya ce in haka ne ƙanwar sunan Nuriyya ce, mai ma'anar haske, bai ga aibu ba. Da ma ko ya gani, ya makara: ɗiyar Kabiru mai walda Kiyara ake kiranta, akwai biyu a Kona, na ji har Attantane an samu ɗaya. Duk a bakin innarki suka ji shi ya yi musu daɗi, ba wanda ya san labarin amalanke.

Kin ce kin nemi matar a salula kin rasa, don masu sunan a Italiya ba su ƙirguwa, mu kuma ba mu san sunan ubanta ba. Kada ki damu. Ranar kasuwa na shiga Tasawa na yi ta cigiya har na samu Cha'ibu, yanzu yana sayar da irin wake. Ya tsufa, amma ya gane ni nan take, ya yi dariya har da hawaye. Yana da hoton da suka ɗauka tare, a bayansa ta rubuta cikakken sunanta da garinsu da hannunta. Ya ba ni aro, ga shi cikin ambulan ɗin nan. Ki kula da shi sosai.

Na tabbata za ki same ta. In kin samu, kada ki yi mata godiya a madadina. Ki tambayo mini yadda ake cewa "ki yafe mini" da harshensu, ki rubuto da baƙaƙen da zan iya karantawa. Zan yi ta maimaitawa a gona har ya zauna mini, don da bakina nake so ta ji.

Innarki ta ce ki riƙa cin abinci. Ki huta lafiya.

Mahaifinki,
Alkasim Dodo