Tubarkallar da Ba Ta Kai Zuci Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira,

Ina miki sallama daga bayan ƙofar da na rufe wa kaina da hannuna. Yau kwana arba'in da ɗaya ban ji muryarki ba, zuciyata ta zama kamar reshen da aka sare, ganyensa kore shar amma ya riga ya mutu. Wayyo ni! Ina zan kai wannan nadamar?

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona? Hotuna goma sha biyu kika kawo a wanke, duka na 'yarki, wadda kike kira Tsigi saboda ƙanƙantarta da bakinta da ba ya hutawa. Na jera su a kan gilashin kanta na ce, "Tubarkalla! Wannan ai idonki ta ɗauko." Kika yi murmushin da ya haska shagon har lungun da nake ajiye tsofaffin firam. Ya abar ƙaunata, yau zan faɗa miki gaskiya: maganar nan na faɗa wa iyaye sun fi dubu. Shekara tara ina sana'ar hoto. In jariri mai ƙiba ne in ce, "Kai, wannan ai ƙato ne!" In siriri ne in ce, "Dogo zai yi." Bakina yana yabo, hankalina yana kan injin wanki.

Wata takwas kina biyowa ta wurina idan kin taso daga makarantar da kike koyarwa, da garin alli a gefen hannun rigarki. Ki zauna a kan bencin ƙofa, ki buɗe mini labarin Tsigi kamar mai buɗe kwalbar turare. Yau haƙorinta ya faɗi ta ɓoye shi a akwatin fensir. Gobe ta tambaye ki ko kifi yana jin ƙishirwa. Ni kuwa amsoshi uku nake juyawa: "Allah?", "Ikon Allah!", "Kai, yaran yanzu!" Ina kallon leɓenki yana motsi kamar fure a iska, ina kallon ɗan ramin kumatunki, ina jin daɗin sautinki kamar kukan kurciya da hantsi, amma abin da kike faɗa yana wuce ni kamar ruwa a kan ganye. Na ɗauki labarin 'yarki wata 'yar hanya ce da dole in bi kafin in iso gare ki. Ashe ke ɗin ce gaba ɗaya kike miƙo mini a ciki!

Har na ji kina ce wa yayarki a waya, "Yaya, na samu wanda zai riƙe mini ita kamar mahaifinta, Allah ya ji ƙansa." Maimakon in ji kunya, sai na gyara zama ina jin kaina.

Sai ranar Asabar ɗin nan da kika bar mini ita na awa ɗaya, za ki taron malamai. Na zaunar da ita a kan kujera gaban shuɗin labulen ɗaukar hoto, na sayo mata biskit a kantin maƙwabcina don ta ƙyale ni in yi aiki. Ko minti goma ba a yi ba leɓenta ya kumbura, numfashinta ya koma fito. Na sungume ta na fita da gudu, shagon a buɗe. A asibiti nas ta tambaye ni shekarunta, na ce biyar ko shida. Ta ce ko akwai abin da jikinta ba ya so, na ce ban sani ba.

Kika iso da mayafi a hannu. Da kin zage ni a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi. Amma a hankali kika ce, "Biskit mai gyaɗa ka ba ta. Sau uku na faɗa maka ba ta cin gyaɗa. Duk ukun ka ce mini, 'Ikon Allah.'"

Da ta farfaɗo, da robar iska a hancinta, ta kalle ki ta ce, "Mama, kar ki yi wa Kawu faɗa, ai bai sani ba." Ya Rabbi! Wace wuƙa ce ta kai wannan kaifi? Yarinyar da ban taɓa saurara ba ita ce take nema mini uzuri, uzurin da ba ni da shi!

Farin watana, ba zan gyara ƙarya da ƙarya ba. Ban wayi gari na zama mai son yara ba. Jiya wani direba ya kawo hoton tagwayensa, na buɗe baki yabon ya ƙi fitowa. Sai na tambaye shi wace ce babba. Ya ja kujera ya yi rabin awa yana bayani. Na gaji, wallahi na gaji, amma babu kalmar da ta wuce ni. Iyakar abin da na koya ke nan, kuma na san bai isa ba.

Ban ce ki dawo da maganar aurenmu ba, ba ni da bakin roƙon haka. Kin yi daidai da kika janye, uwa ce ke kafin ki zama masoyiyata. Abu ɗaya nake roƙo, ko ta hannun yayarki ne, ko a layi ɗaya: yaya jikin Tsigi? Numfashinta ya daidaita? Ta koma makaranta? Tana tsoron shagona yanzu? A karo na farko, ya rabin raina, tambaya nake don in ji amsa.

Naki, ko kin amsa ko kin yi shiru, har ranar da za a rufe mini ido,
Mai Hoto